Daga Jefa Ƙuri'a Zuwa Dangwala Yatsa: Wayar da Kan Mai Zaɓe a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Ranar Asabar, 25 ga Fabrairu, 2023, aka yi zaɓen shugaban ƙasa na bakwai tun komawar Nijeriya mulkin farar hula a 1999. Sunayen mutum miliyan 93 da 'yan kai ne ke cikin rajista, kuma kimanin miliyan 87 daga cikinsu sun karɓi katinsu, amma da aka gama ƙidaya sai aka tarar waɗanda suka fito ba su cika miliyan 25 ba. Watau cikin kowane mutum 100 da aka rubuta, wajen 27 kaɗai suka taka zuwa rumfar zaɓe. Tun da aka fara zaɓen shugaban ƙasa a 1979 ba a taɓa ganin ƙarancin fita irin wannan ba. Ko a Jihar Kano, wadda ake yi wa kallon cibiyar siyasar Arewa, masu rajista sun kai miliyan 5.9, amma ƙuri'un da aka ƙirga ba su kai miliyan 2 ba.

Duk sa'ad da irin wannan ta auku, maganar hukumomi ɗaya ce, wai jama'a na bukatar wayar da kai. Wannan maƙala za ta bi sawun ita wannan wayar da kai ɗin a ƙasar Hausa, daga zamanin En'e zuwa zaɓen 2023, domin a ga abin da aka koya wa talaka, da bakin da aka koya masa, da kuma abin da aka tsallake. Za a ga cewa an daɗe da ƙoshar da shi sanin yadda ake yin zaɓe, amma an bar shi da yunwar sanin abin da zaɓen ke ɗora wa wanda aka zaɓa.

Kalmar ƙuri'a

Kafin zuwan siyasar jam'iyyu, Bahaushe ya san ƙuri'a, sai dai ba da ma'anar da take da ita yanzu ba. Kalmar aro ce daga Larabci, kuma abin da take nufi shi ne barin sa'a ta raba gardama. Idan magada sun kasa daidaitawa kan wanda zai ɗauki wane kaso, ko mahauta sun kasa nama kashi-kashi a watanda, sai a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya ɗauka, ba mai ƙorafi. A irin wannan ƙuri'a ra'ayin mutum ba ya aiki, rabo ne kawai.

Da aka zo neman kalmar da za a kira takardar zaɓe da ita, sai aka ɗauko wannan. Lalle kalmar ta zauna daram, ba mai iya tumɓuke ta yau, amma ba ta rabu da ƙamshin tsohuwar ma'anarta ba. Har gobe akan ji mutum ya ce mulki rabo ne, wanda Allah ya ba shi ne zai hau, ko an fita ko ba a fita ba. Maganar ƙaddara gaskiya ce a wurin Musulmi, amma manomin da ke faɗinta bai taɓa ƙin yin shuka ba don ya san abincinsa rubutacce ne. Wannan ita ce gardama ta farko da mai wayar da kai ya kamata ya shirya mata, ga shi kuwa ba safai ake jin ta cikin sanarwar hukuma ba.

Zamanin En'e da akwatuna

Zaɓen 1951 shi ne na farko da ya game Jihar Arewa, kuma hawa-hawa aka yi shi. Maza masu biyan haraji su taru a ƙauye ko unguwa su fid da wakili, wakilan su taru a gunduma su fid da nasu, haka har a kai matakin lardi, inda ake zaɓen 'yan Majalisar Wakilai ta Kaduna. Daɗin daɗawa, En'e na da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta yi rawar gani a matakan ƙasa cikin birnin Kano, amma ko kujera ɗaya ba ta kai Kaduna da ita ba. Darasin farko ke nan da talakan Arewa ya koya game da zaɓe, watau abin da aka shuka a unguwa ba lalle shi za a girba a lardi ba.

A cikin waɗannan shekaru ne Gwamnatin Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci. Aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, hukumar NORLA ta Zariya ta shiga buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, ban da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke fitowa tun 1939. Ga kuma motocin majigi da ke bin garuruwa da dare. Ta waɗannan hanyoyi aka bayyana wa mutane rajista da ranar zaɓe da tsarin shiga rumfa, duk da Hausa tsantsa, domin ma'aikatan da suka yi aikin da Hausa suke tunani.

Zaɓen tarayya na 12 ga Disamba, 1959, shi ne ya kawo zaɓe kai tsaye kuma a asirce ga dukan mazaɓun Arewa, ko da yake maza kaɗai aka yarje wa. Tsarinsa mai sauƙi ne ƙwarai. A miƙa wa mutum takarda, ya shiga bayan labule, ya tarar da akwatuna jere, kowane ɗan takara da nasa, an manna alamar jam'iyyarsa a jiki: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, itacen kwakwar manja na Action Group. Ba rubutu, ba tawada, sai dai ya jefa takardar cikin akwatin da yake so. Daga nan "jefa ƙuri'a" ta samo asali, kuma aikin da kalmar ke faɗa shi ne ainihin abin da ake yi. Aibin tsarin shi ne mutum na iya soke takardarsa a aljihu ya fito, ya miƙa wa ɗan jam'iyya a waje, shi kuwa ya tara ya ba wani amintacce ya zuba gaba ɗaya. Ashe cinikin ƙuri'a ya girmi taliyar da ake zargi yau.

Kusan kashi 80 cikin 100 na masu rajista suka fito a ƙasa baki ɗaya, a Arewa ma abin ya haura haka. Kada mai karatu ya ɗauka duk wayewar kai ce ta fito da su. Inda hakimi ya ce a fita, dagaci ya maimaita, mai unguwa ya bi gida-gida, ba kowa ke da ƙarfin halin zama a zaure ba. NPC ta tashi da kujeru 134 cikin 312, NEPU ta sami 8.

Sai dai in ana batun koyar da dalilin zaɓe, 'yan adawa ne suka yi wannan aiki, ba hukuma ba. Malam Aminu Kano da mutanensa sun shiga kasuwanni da tashoshi suna yi wa talaka bayanin inda harajinsa da jangalinsa ke tafiya, da cewa aikin tilas a gonar hakimi ba doka ba ce, da cewa wanda aka zalunta a kotun alƙali yana da damar ɗaukaka ƙara. Mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suka zuba wannan bayani cikin baitoci, mutane suka haddace, waɗanda ba su san bihim ba suka kai shi inda jarida ba ta zuwa. Kalma guda, "sawaba", ta ɗauke musu nauyin dogon jawabi, kamar yadda "salama" ta ɗauke wa 'yan NPC. Ko mutum bai yarda da NEPU ba, tilas ya yarda cewa ita ce ta fara ɗaure ƙuri'a da abin da ke damun mai ita.

Shekarar 1979 da shigowar mata

Bayan shekara 13 na mulkin soja, hukumar FEDECO ta fuskanci aikin da ya fi na 1959 nauyi nesa ba kusa ba. An rage shekarun mai zaɓe daga 21 zuwa 18. Matan Arewa, waɗanda Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan 'yancinsu, sun sami damar zaɓe tun daga na ƙananan hukumomi a 1976. An bar tsarin firayim minista an koma na shugaban ƙasa. Zaɓe kuma biyar aka yi a ranakun Asabar daban-daban, daga 7 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta. Akwatuna masu yawa suka koma guda, alamomin jam'iyyu suka dawo kan takarda, mai zaɓe ya shafa tawada ya dangwala yatsa a gefen wadda yake so. Harshe ya bi aikin, "dangwala" ta shigo ta zauna kusa da "jefa" da "kaɗa".

A nan ma alama ce ta yi aikin da rubutu ba zai yi ba. Tsohuwar da ba ta iya furta PRP ba ta san mabuɗi, ta san gida da masara na NPN, ta san zakara da kwakwa na GNPP. Wannan al'ada ta ɗore, domin daga baya an yi doki da gaggafa, an yi lema da masara da alƙalami da tsintsiya, har zuwa kwandon kayan marmari a 2023. Duk da haka, cikin mutum sama da miliyan 48 da aka ce sun yi rajista a 1979, ƙasa da miliyan 17 suka fito zaɓen shugaban ƙasa.

Gwamnatin Janar Babangida ce ta mayar da wayar da kai aikin hukuma ta musamman, da ta kafa MAMSER a 1987 ƙarƙashin Farfesa Jerry Gana, wadda aka narkar cikin hukumar NOA a 1993. An sha waƙoƙi da wasannin kwaikwayo a rediyo da talabijin. A lokacin ne kuma aka gwada zaɓen fili, inda masu zaɓe ke yin layi a bayan hoton ɗan takara a ƙirga su. Ba wani kwamiti da ya zauna ya fassara sunan tsarin, jama'a da kansu suka raɗa masa "ƙato bayan ƙato", kuma duk wanda ya ji sunan ya ga hoton abin, har da rashin sirrinsa. Sa'an nan aka yi zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda a cikinsa Kanawa suka fifita Abiola a kan ɗan garinsu Bashir Tofa, ba a cika mako biyu ba aka soke shi. Abin da shekara shida na waƙar MAMSER ta gina, sanarwa guda ta rushe shi.

A kasa, a tsare, a raka

Alƙaluman fita zaɓen shugaban ƙasa a Jamhuriya ta Huɗu suna gangara ne kamar ruwan tudu tun bayan 2003: kimanin kashi 52 cikin 100 a 1999, 69 a 2003, 57 a 2007, 54 a 2011, 44 a 2015, 35 a 2019, sai 27 a 2023. Wajibi ne a yi hattara da na farko-farkon, domin kafin zuwan na'urar tantance kati a 2015 da ta BVAS daga baya, akwai rumfunan da ake rubuta musu ƙuri'un da ba mai jefa su. Shi kansa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a jawabinsa na kama aiki cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu. Saboda haka wani ɓangare na raguwar ƙarya ce ta ragu. Amma wannan bai isa ya bayyana faɗuwar da aka yi daga 2015 zuwa 2023 ba, tun da yake duka ukun da na'ura aka yi su.

Cikin wannan zamani, babu wata sanarwa ta hukuma da ta yi tasirin kalmomi shida da suka yi tashe a zaɓen 2007, musamman a Bauci da Kano: a kasa, a tsare, a raka. Hikimar tana cikin fi'ilin farko. Mai tumatir ne ke kasa kayansa a kasuwa, kuma ba a taɓa ganin wanda ya kasa kaya ya juya baya ya tafi gida ba. Da wannan aka mayar da ƙuri'a dukiya, aka fid da ita daga hannun sa'a. Mutane suka tsaya a rumfa har aka ƙirga, suka bi akwati a ƙafa da babura zuwa wurin tattara sakamako. A Bauci ɗan takarar adawa, Malam Isa Yuguda, ya kayar da na jam'iyya mai mulki. Abin lura shi ne doka ma tana tare da rabin wannan kira, domin ta tanadi a ƙirga ƙuri'a a rumfa a bainar jama'a, a ba wakilin kowace jam'iyya kwafin sakamako, a kuma manna shi a bango.

Amma an koya wa matasa tsaro ba a koya musu abin yi idan sakamako ya saɓa wa zatonsu ba. Bayan zaɓen Afrilu 2011 tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum sama da 800 suka hallaka cikin kwana uku. A 2015 kuma aka yi yayin "sak", watau a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa ba tare da duban ɗan takara ba. Guguwar ta kwaso mutanen da mazaɓunsu ba su san ko fuskarsu ba, ta dire su a majalisa. Wannan tara jama'a ne, kuma tara jama'a daban, wayar da kai daban, ko da yake sojojin baka da ke cika shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyon Kano da mawaƙan jam'iyyu sun fi son a ɗauke su abu ɗaya.

Abin da aka tsallake

Ba a ce koyar da dangwale ya ƙare ba. A 2019, da 'yan takarar shugaban ƙasa suka kai 73, takarda ta yi tsawon zani, ƙuri'u kusan miliyan 1.3 suka lalace. Shari'ar gwamnan Kano ta ƙara fito da wani gefe. A Satumba 2023 kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta zabge ƙuri'u sama da 165,000 daga na Abba Kabir Yusuf, bisa hujjar cewa babu hatimi da sa hannu da kwanan wata a bayan takardun, sai a Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da su. Mutum nawa ne cikin masu bin layi aka taɓa gaya wa ya juya takardarsa ya duba bayanta kafin ya shiga rumfa? Jimla ɗaya ce a rediyo.

Giɓin da ya fi wannan girma shi ne na sanin aikin kujeru. Ana zaɓen sanata da ɗan majalisar tarayya da na jiha, alhali da yawa daga masu zaɓen ba a taɓa bambance musu aikin mai yin doka da na mai zartarwa ba. Saboda haka ma'aunin ɗan majalisa ya koma ragon suna da kuɗin asibiti da buhun shinkafar azumi, ba wanda ke tambayarsa yadda ya tsaya a kan kasafin kuɗi. Makarantar firamare da ɗakin shan magani da kasuwar ƙauye kuwa, waɗanda Tsarin Mulki ya ba ƙaramar hukuma hannu a cikinsu, zaɓensu ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, tun da hukumomin zaɓe na jihohi ke shirya shi, jam'iyyar gwamna kuma takan lashe kusan kome. Wanda bai san abin da kujera ke bin sa bashi ba, in an ba shi taliya da sabulu da turmin atamfa ranar zaɓe, a ganinsa ya ci riba. Shawarar da ake yawan bayarwa, cewa a karɓi kuɗinsu a zaɓi ra'ayi, ta manta da halin Bahaushe, wanda ke jin kunyar idon wanda ya ci abincinsa, balle in an haɗa da rantsuwa.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ta fi shafar ɗaliban wannan sashe. Yawancin saƙonnin hukumar zaɓe da Turanci ake tsara su a Abuja, sa'an nan a juya su zuwa Hausa kalma bi kalma, su fito ba gishiri. Inda aka yi jinkirin samar da kalma, jama'a kan haɗiye ta Turancin ɗanya. Haka aka yi a Maris 2019, lokacin da aka ce zaɓen gwamnan Kano bai kammalu ba: "inkwankulusib" ta shiga bakin yara da manya, kuma ma'anar da ta ɗauka a kasuwa ita ce murɗiya, ba ƙa'idar da ke bayanta ba, watau cewa idan tazarar da ke tsakanin 'yan takara ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, sai an sake zaɓe a waɗannan rumfuna. Da an yi shekara ana bayyana wannan ƙa'ida da Hausa kafin ranar, da aƙalla gardamar ta tsaya kan ko an bi ta ko ba a bi ba.

Inda aka dace da kalma kuwa, sai a ga bayani bai biyo ta ba. Misali shi ne "kiranye". A al'ada, kiranye asiri ne da ake yi don a jawo wanda ya yi nisa da gida ya dawo ko ba ya so, kuma da wuya a sami sunan da ya fi wannan dacewa da ikon da sashe na 69 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba mutanen mazaɓa na dawo da wakilinsu daga Majalisar Tarayya. Sharuɗɗansa ne ba a sani ba. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a kan Sanata Dino Melaye, abin ya mutu a matakin tantancewa a 2018, an kuma gwada a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, hukumar ta ce sa hannun bai kai adadin da ake bukata ba. A mazaɓar da kashi 27 cikin 100 kaɗai suka fito ranar zaɓe, kiranye na bukatar kusan ninki biyu na waɗanda suka je rumfa tun farko.